Manhajar ajiye takardu: mu bi tsarinta ne ko a gyara ta ta bi namu?

Malam Sani, Kano:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa yin aikin nan da hannunsu. Kamfanin da nake yi wa aiki na rarraba kayan gini ne, muna da babban sito a Kano da wasu ƙanana guda uku a wasu garuruwa, kuma shekara da shekaru takardunmu a fayil-fayil na kwali suke, cikin ɗaki guda wanda ya cika har ana ɗora kwalaye a saman durowa. A bara masu kamfani suka sayi manhajar ɗaukar hoton takardu da adana su, aka kawo sikana biyu masu jan takarda da kansu, aka kafa komai. Wata huɗu ke nan muna ɗaukar hoto, amma aikinmu bai ragu ba, ƙaruwa ma ya yi, domin hoton yana shiga kwamfuta, ita kuwa takardar tana ci gaba da yawo daga tebur zuwa tebur kamar da, saboda manhajar ba ta san hanyar da takardun biyan kuɗinmu ke bi ba. Wanda ya sayar mana ya ce zaɓi biyu gare mu: ko mu sauya tsarin aikinmu ya dace da wanda ya zo a cikinta, ko mu biya shi ya gyara ta, kuma kuɗin gyaran ya kusa kamo kuɗin lasisin kansa. Ni aka ɗora wa rubuta shawara ga manajan darakta, shi ya sa nake so in ji daga gare ku kafin in sa biro a takarda.

Injiniya Bashir, Abuja:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Abu na farko shi ne ka nemi mai sayarwar ya fayyace maka abin da yake nufi da gyara, domin kalmar tana ɗauke da abubuwa uku da ba su yi kama da juna ba, a farashi da kuma a haɗari. Akwai saiti, wato abin da manhajar ta riga ta ba da damar a sauya ta allon mai kula da ita: nau'o'in takardu, bayanan da za a cike wa kowane nau'i, wanda zai ga me, da matakan amincewa. Manyan manhajoji irin su OnBase da Laserfiche da M-Files da DocuWare da Alfresco duk suna da wannan, kuma galibin abin da kamfani irin naku yake bukata a nan yake ƙarewa. Akwai kuma ƙari da ake rubutawa a gefe, wanda yake magana da manhajar ta ƙofar da masu ita suka tanada, wadda ake kira API, misali don ta ɗauko sunan dillali daga manhajar lissafinku. Na ukun shi ne a shiga cikin gangar jikin manhajar a sauya umarninta na asali, ko a riƙa rubutu kai tsaye cikin rumbun bayananta, kuma wannan ne nake gargaɗin kowa a kansa, domin ranar da masu ita suka fitar da sabon zubi, gyaranku zai iya rushewa, sai ku zauna a kan tsohon zubi shekaru ba ku iya sabuntawa, har ramukan tsaron da aka toshe wa kowa su kasance a buɗe a wurinku.

Bari in ba da misalin da na gani da idona. Lokacin da harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari a watan Fabrairun 2020, wani kamfani da na yi wa aiki daga baya ya tarar cewa wanda ya gyara musu manhaja ya rubuta lamba 5 ne a cikin umarnin da ke tantance takardun dillalai, bai sa ta a wurin da akanta zai iya sauyawa ba. Duk takardar da ta zo da sabon haraji sai manhajar ta mayar da ita a matsayin mai kuskure, shi kuwa mai gyaran ya bar ƙasar. Da an sa wannan lamba a saiti, aikin minti biyu ne.

Hajiya Rabi, Kaduna:
Injiniya ya yi bayani mai kyau, amma ina ganin mun yi gaba da yawa. Na yi shekaru fiye da ashirin a ofishin rajistar takardu kafin kwamfuta ta iso mana, kuma abin da zan ce wa Malam Sani shi ne kada ya rubuta komai sai ya ɗauki takarda guda ya bi ta da ƙafarsa tun daga ƙofar shiga har zuwa inda za ta kwanta. Kada ya tambayi shugabannin sassa yadda take tafiya, domin abin da ke rubuce a littafin ƙa'ida za su faɗa masa. Ya tambayi masinja, ya tambayi akawun da ke buga hatimin karɓa, ya tambayi mai kula da sito. Su ne suka san cewa idan manajan kuɗi ya yi tafiya takardar ba ta jiransa, wurin mataimakinsa take zuwa ya sa hannu da fensir a gefe, sannan a kawo wa maigidan ya tabbatar idan ya dawo. Su ne suka san cewa takardar dillalin da ake gaggawar biyansa ana maƙala mata jan ƙyalle, kuma kowa ya san ma'anarsa ko da yake ba a taɓa rubuta shi a ko'ina ba. Manhajar da ba ta san waɗannan abubuwa ba, ma'aikata za su kewaye ta, kuma abin da ke faruwa da ku ke nan yanzu. Ni a ra'ayina manhaja ce ya kamata ta bi mutane, domin tsarin da kamfani ya yi shekaru yana aiki da shi akwai dalilai a bayansa, ko da an manta da su.

Malam Sani, Kano:
Na gode, Hajiya. Na riga na yi wani abu mai kama da haka, ga abin da na gani. Idan tirela ta kawo siminti ko rodi, direba yana miƙa takardar rakiyar kaya, mai sito ya ƙirga, ya cike takardar shaidar karɓar kaya mai kwafi uku, fari da ruwan hoda da shuɗi. Farin yana zuwa sashen saye, inda ake haɗa shi da takardar odar da muka bai wa dillali. Bayan kwana biyu ko mako guda takardar neman biya ta dillali ta iso, a haɗa ta da su, akawu ya rubuta bauca, wato takardar umarnin biya, shugaban sashen saye ya sa hannu, odita na cikin gida ya duba, manajan kuɗi ya sa hannu, sannan idan kuɗin ya wuce wani adadi a kai wa manajan darakta. Daga nan ta koma wurin odita ya sake buga hatimi kafin kashiya ya biya. Hannu bakwai ke nan idan na ƙirga komawarta wurin odita. Tsarin da ya zo cikin manhajar kuwa matakai biyu kawai gare shi, mai dubawa da mai amincewa, kuma bai san cewa takardu uku ne ke haɗuwa su zama abu guda ba.

Malam Nasiru, Zariya:
Da izinin Hajiya, zan ɗan saɓa mata. Aikina binciken kuɗi ne, kuma na sha ganin kamfanonin da suka kashe kuɗi mai yawa suka kwafe tsohon tsarinsu sak cikin kwamfuta, har da matakan da ba su da amfani sai a zamanin takarda. Ku dubi komawar takardar wurin odita a karo na biyu. Dalilinta a fili yake: tsakanin sa hannun manaja da teburin kashiya ana iya sauya lamba a jikin bauca, ko a cusa wata takarda a cikin fayil, don haka odita yake sake dubawa. Idan manhaja ta kulle baucar daga lokacin da aka amince da ita, kuma tana rubuta sunan duk wanda ya taɓa ta da lokacin da ya taɓa, to wannan mataki ya rasa dalilinsa, kuma biyan kuɗi don a gina shi asara ce sau biyu, ta kuɗin gyara da ta kwanakin da dillali zai ƙara jira.

Inda nake ganin ya kamata Malam Sani ya zuba kuɗinsa shi ne wurin haɗuwar takardun nan uku: oda, shaidar karɓar kaya, da takardar neman biya. Wannan shi ne zuciyar aikin. Idan an yi odar buhu 600, mai sito ya karɓi 580, dillali ya nemi kuɗin 600, manhajar ce ya kamata ta fara gani, ta tsayar da takardar, ta aika wa sashen saye kafin ta kai ga wanda zai sa hannu. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai lambar oda ta zama igiyar da ta ɗaure dukkan takardun, kuma sai manhajar takardu tana magana da manhajar lissafi.

Hajiya Rabi, Kaduna:
Malam Nasiru, na yarda da kai a kan hatimi na biyu, tunda ka nuna dalilinsa kuma ka nuna abin da zai maye gurbinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a zauna a ɗakin taro a soke mataki don kawai wanda ya zo daga waje bai ga amfaninsa ba. A inda na yi aiki an taɓa cire sa hannun mai gadin ƙofa daga takardar fitar kaya, aka ce maimaici ne, tunda mai sito ya riga ya sa hannu. Ba a yi wata uku ba aka gane cewa mai gadin ne kaɗai yake rubuta lambar motar da ta fita da kayan da lokacin fitarta, kuma da aka sami saɓani da wani mai saye babu abin da za a nuna. Don haka kowane mataki a tambayi abin da yake karewa. Idan manhaja za ta kare shi, a cire. Idan ba za ta kare ba, a bar shi ko da ya yi kama da ɓata lokaci.

Injiniya Bashir, Abuja:
Kun haɗu a wuri guda ke nan, kuma akwai hanyar da za a sa wannan a rubuce yadda mai sayarwa ba zai iya cewa bai gane ba. Akwai ƙa'idar zana tafiyar aiki da ake kira BPMN, wadda zubinta na 2.0 ya fito a 2011, kuma manhajojin tafiyar aiki da yawa suna karanta ta kai tsaye. Ba sai Malam Sani ya ƙware a kanta ba. Akwatuna da kibiyoyi ne, da layi ga kowane sashe. Abin da nake roƙo shi ne kada zanen ya tsaya a hanyar da komai ya tafi daidai. A zana abin da zai faru idan kaya sun zo rabi, idan oda guda ta zo a motoci huɗu cikin makonni biyu, idan dillali ya aiko takarda guda sau biyu, idan mai sa hannu yana hutu, idan an ƙi amincewa kuma takardar za ta koma baya. A nan ne kuɗin gyara yake ɓuya, kuma a nan ne masu sayarwa suke dawowa da sabon farashi bayan an sa hannu a kwangila.

Malama Zainab, Katsina:
Ni ba injiniya ba ce, amma ni ce nake kula da ɗakin sikana a wurin aikinmu, kuma ina so in ja hankalin Malam Sani zuwa bakin ƙofar, domin duk tsarin da aka gina a sama, idan abin da ya shiga ta ƙasa ba shi da kyau, banza ne. Yawancin lokacinmu ba a ɗaukar hoto yake tafiya ba, a shirya takarda yake tafiya: cire ƙusar sitefila, warware kusurwar da ta naɗe, manna ƙananan rasit a kan farar takarda don kada injin ya haɗiye su. Takardar rakiyar kaya tana zuwa daga aljihun direba a ninke huɗu, da tabon man inji a gefe. Kwafin ruwan hoda da shuɗin da ya ambata, idan aka ɗauke su baƙi da fari, rubutun kabon yana ɓacewa cikin launin takardar, dole sai an ɗauke su da launi ko da toka-toka. Rasit ɗin POS da na gidan mai kuwa takardar zafi ce, rubutunta yana dusashewa cikin watanni, don haka ranar da suka iso ake ɗaukarsu. A lokacin hunturu ƙura tana hawa tayoyin da ke jan takarda, sai injin ya fara jan biyu a haɗe, kuma idan ba a kunna na'urar da ke gano hakan ba, shafi zai ɓata ba wanda ya sani.

Game da inganci, ɗigo 300 a kowane inci muke amfani da shi, kuma ƙasa da haka karatun injin yana lalacewa. Shafin A4 a wannan ma'auni ɗigo 2480 ne a faɗi da 3508 a tsawo, wanda idan mai launi ne kuma ba a matse shi ba yana kai wa megabait 26, alhali baƙi da fari da aka matse bai fi 'yan gomman kilobait ba. Saboda haka dole a saita kowane nau'in takarda da nasa salon ɗauka, in ba haka ba ko dai ma'ajiya ta cika ko a rasa rubutu.

Sai maganar fasahar karanta rubutu daga hoto, wato OCR, wadda masu sayarwa suke nunawa da takarda mai tsabta da aka buga yanzu. A kan rubutun hannun mai sito kada ku dogara da ita. Ko a rubutun inji, idan an saita ta da Turanci, ƙ takan koma k, ɗ ta koma d ko wata alama daban, sai ka nemi Ɗanladi ka rasa. Sunayen ma kansu matsala ne: dillali guda sai ka same shi a matsayin Muhammad, Mohammed, Muhammadu, da Moh'd a fayil huɗu. Maganin da muka samu shi ne mun hana kowa rubuta sunan dillali da hannu. Daga jerin da ke cikin manhajar lissafi ake zaɓa, da lambarsa. Kuma mun sa ana buga lambar QR a jikin kowace oda da kowace takardar karɓar kaya tun daga tushe, yadda idan ta dawo sikana ce za ta karanta lambar ta kai ta inda 'yan uwanta suke. Wannan gyara guda ya fi duk sauran amfani a wurinmu.

Malam Nasiru, Zariya:
Malama Zainab ta taɓo abin da ke damuna a matsayina na mai bincike. Idan na zo duba littattafan kamfani aka nuna mini hoto maimakon takarda, da me zan tabbatar cewa lambar da nake gani ita ce ke jikin asalin?

Injiniya Bashir, Abuja:
Tambayar tana da tushe, domin abin ya taɓa faruwa. A 2013 wani masanin kwamfuta ɗan Jamus, David Kriesel, ya gano cewa wasu injinan Xerox suna sauya lambobi a cikin hoton da suka ɗauka, 6 ta koma 8, ba tare da wata alamar ɓaci ba. Ba karatun OCR ne ya yi kuskure ba, hoton kansa ne ya sauya. Dalili shi ne wata hanyar matse hoto mai suna JBIG2, wadda a wani salonta take adana siffar harafi sau ɗaya ta riƙa liƙa ta a duk inda ta ga mai kama da ita. Kamfanin ya fitar da gyara daga baya, amma darasin da ya shafi Malam Sani shi ne ya rubuta a cikin sharuɗɗansa cewa ba a yarda da matsewa mai musanya siffofi ba a kan takardun kuɗi. Ya kuma nemi a riƙa adanawa a zubin PDF/A, wanda ƙa'idar ISO 19005 ta kafa tun 2005 domin ajiya mai tsawo. Yana tilasta a cusa siffofin haruffan da aka yi rubutun da su a cikin fayil ɗin, kuma ya hana abubuwan da suka dogara da wani abu na waje. Bayan haka manhajar ta ɗauki sawun lissafi na kowane fayil a lokacin shigarsa, irin SHA-256, wanda idan an sauya ko ɗigo guda zai bambanta. Da wannan da tarihin wanda ya buɗe da wanda ya sauya, Malam Nasiru yana da abin da zai riƙe.

Barista Hauwa, Kano:
Ina bin muhawarar tun farko, kuma ina so in ƙara ɓangaren doka, domin yana shafar abin da za a gina. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda a karɓi takardar da kwamfuta ta fitar a gaban kotu, amma da sharuɗɗa: a nuna cewa ana amfani da kwamfutar a kai a kai wajen irin wannan aiki, cewa ana shigar mata da bayanan ne a cikin tafiyar aiki ta yau da kullum, kuma tana aiki daidai a wannan lokaci, sannan a kawo takardar shaida daga wanda ke da alhakin kula da ita. Kotun Ƙoli ta nuna cewa wannan ba wasa ba ne a shari'ar zaɓen gwamnan Bayelsa tsakanin Kubor da Dickson, inda ta ƙi amfani da wasu takardu da aka buga daga intanet saboda ba a cika sharuɗɗan sashen ba. Ma'anar wannan ga Malam Sani ita ce tun yanzu a san wanda zai sa hannu a irin wannan shaida, kuma manhajar ta riƙa ajiye bayanan da zai dogara da su. Kuma kowane ma'aikaci ya shiga da sunansa; idan mutum biyar suna amfani da kalmar sirri guda, tarihin da Injiniya ya ambata ba shi da wani nauyi.

Na biyu, wa'adin ajiya. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta ce a ajiye bayanan lissafin kamfani na tsawon shekara shida daga ranar da aka yi su. A ɗaya ɓangaren kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake bukatarsu, kuma fayil ɗin ma'aikata da kwafin katin shaidar direbobi da dillalai duk suna ƙarƙashinta. Saboda haka kowane nau'in takarda yana bukatar nasa wa'adi, da hanyar dakatar da gogewa idan akwai shari'a a kai. Shawarata kuma ita ce kada a yi gaggawar ƙona asali don an ɗauki hoto. Takardun fili, yarjejeniyoyi masu hatimi, da duk abin da ake iya musanta sa hannunsa, a ajiye asalinsu, manhajar ta rubuta lambar kwali da kantar da suke.

Malam Isufu, Maraɗi:
Ina gaishe ku. Magana ɗaya zan ƙara a kan ta Barista, idan har kamfanin Malam Sani yana hulɗa da ɓangarenmu na Nijar ko yana da niyyar buɗe reshe. A Nijar dokar lissafi ta OHADA muke bi, wato ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka, kuma ita shekara goma ta ce a ajiye littattafan lissafi da takardun da ke tabbatar da su, ba shida ba. Don haka kada wa'adin ya zama lamba guda ga kamfani gaba ɗaya. A ɗaure shi da nau'in takarda da kuma ƙasar da ta fito. Haka kuma takardunmu da Faransanci suke, kuma yadda muke rubuta kuɗi ya bambanta: waƙafi muke sawa inda ku kuke sa ɗigo, dubbai kuma mu raba su da fili ko da ɗigo. Na taɓa ganin manhajar da aka saita da tsarin Turanci ta karanta 1.250 a matsayin ɗaya da kwata, alhali dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin ake nufi. Dole kowace takarda ta ɗauki nau'in kuɗinta, naira ko sefa, a matsayin bayani mai zaman kansa.

Malam Sani, Kano:
Allah ya saka muku da alheri. Muna da masu saye daga Maraɗi da Damagaram, don haka maganar Malam Isufu ta shafe mu. Abin da ya rage mini shi ne tsoron da manajan darakta ya nuna: idan muka biya aka gyara, ba mun ɗaure kanmu a hannun mutum guda ke nan ba?

Injiniya Bashir, Abuja:
Tsoronsa daidai ne, kuma bai tsaya a kan ɗan kwangilarku kaɗai ba, domin su kansu manhajojin suna sauya hannu. IBM ta sayi FileNet a 2006, OpenText ta karɓi Documentum a 2017, Ricoh ta sayi DocuWare a 2019, Hyland kuma ta sayi Alfresco a 2020 sannan Nuxeo a 2021. Duk lokacin da haka ta faru, farashi da alƙiblar manhaja suna iya sauyawa, alhali takardunku za su fi kowane ɗayan waɗannan yarjejeniyoyi daɗewa. Abin da zai kare ku a kwangila yake. A rubuta cewa duk umarnin da aka rubuta dominku mallakinku ne, a miƙa muku shi tare da bayanin yadda yake aiki. A rubuta cewa ba za a taɓa gangar jikin manhajar ba, sai ta ƙofofin da masu ita suka amince da su. A tambaya ko tana bin CMIS, wato ƙa'idar da ƙungiyar OASIS ta amince da ita a 2010 don ma'ajiyoyin takardu daban-daban su iya magana da yare guda. Mafi muhimmanci, kafin a biya kashin ƙarshe, a sa shi ya fitar da takardu dubu guda daga manhajar zuwa faifai, kowace da bayananta da tarihinta a zubin da kowace kwamfuta za ta buɗe, ku duba da idonku. Hotuna dubu ɗari da babu bayanan da ke cewa wannan na wane ne, daidai suke da ɗakin kwalayenku idan an zubar da su ƙasa. Kuma a tura mutum biyu daga cikinku su koyi saiti, yadda sauya sunan mai sa hannu ko adadin da ake kai wa darakta ba zai bukaci kiran kowa ba.

Hajiya Rabi, Kaduna:
Akwai abin da ba a taɓo ba, wato tsofaffin fayil-fayil da ke cikin ɗakin. Ina ba da shawara kada a fara da su. A sa rana, daga ita duk takardar da ta shigo ta bi sabon tsari, tsofaffin kuma a ɗauki hotonsu ne idan an nemi fayil, kafin a mayar da shi kan kantarsa. Bayan shekara guda za ku ga cewa waɗanda ake nema sun shiga, waɗanda ba a nema kuma da yawansu wa'adinsu ya cika. Na ga inda aka kwashe wata takwas ana ɗaukar takardun da ba wanda ya sake buɗewa, ma'aikata suka gaji, sabon aikin ya mutu kafin a fara shi.

Malam Nasiru, Zariya:
Na yarda, sai dai a ware abu biyu: takardun da ke da bashin da ba a gama biya ba, da na shekarun da hukumar haraji ba ta kammala binciken su ba. Waɗannan a ɗauke su tun farko ko ba a neme su ba, domin ranar da za a neme su ba za a ba ku lokacin bincike a kwali ba.

Malam Sani, Kano:
To, ga abin da zan kai wa manajan darakta ranar Litinin. Za mu fara da hanyar biyan dillalai kaɗai, a babban sito kaɗai, na wata uku. Hatimin odita na biyu zai fita, sauran hannu shida za su zauna, kuma duk za a gina su ta saiti. Abin da za mu biya a rubuta mana biyu ne: haɗi da manhajar lissafi don jerin dillalai da lambobin oda, da buga lambar QR a takardunmu. Zan nemi mai sayarwar ya raba farashinsa gida uku kamar yadda Injiniya ya rarrabe, sannan Barista, zan so ki duba mana kwangilar idan kina da sarari. Tambaya ta ƙarshe ga Malama Zainab: ƙananan sitocinmu ba su da sikana, kuma intanet ɗinsu ba ya tsayawa. Shin mai sito zai iya ɗauka da wayarsa?

Malama Zainab, Katsina:
Zai iya, kuma haka namu suke yi, amma da manhajar wayar da ke daidaita gefen takarda, ta ajiye hoton har sai layi ya dawo ta tura da kanta, ba ta WhatsApp ba, domin yana rage ingancin hoto kuma kwafi yana zama a wayar mutum. A shimfiɗa takardar a kan tebur mai duhu, a wuri mai haske, ba a kan buhun siminti ba. Hoton wayar ya isa a fara tafiyar amincewa da shi, amma farin kwafin ya biyo motar da ke zuwa Kano a ƙarshen mako, a sake ɗaukarsa da sikana, lambar QR ɗin za ta ɗora shi a kan na wayar, kuma kashiya kada ya biya sai ya ga na biyun ya shiga.